Ciyawar Teku da Ciwon Daji: Abin da Ya Kamata Majiyyaci Ya Sani

Daga Kazaure zuwa Babura, Roni da Gwiwa babu teku ko kusa, amma ciyawar teku ta iso mana a cikin kwalabe. Masu tallar magungunan ƙarin lafiya suna sayar da ƙwayoyi da gari da aka yi da ita, wasu har suna cewa tana warkar da ciwon daji, wato kansa. Kafin mutum ya zuba kuɗinsa, yana da kyau ya san gaskiyar lamarin.

Mece ce ciyawar teku?

Tsiro ne da ke fitowa a ruwan gishiri, kuma mutanen Japan, Koriya da Sin sun daɗe suna cin ta. Ba ita ce gansakukar da muke gani a kududdufi ko bakin madatsar ruwa ba. Wasu nau'o'in gansakuka ma suna da dafin da ke lalata hanta.

Amfaninta da aka tabbatar

A tokar ciyawar teku ne wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano sinadarin aidin a 1811. Rashin aidin shi ne babban dalilin maƙoƙo, yana kuma tauye kaifin ƙwaƙwalwar yara. Baligi na bukatar maikirogiram 150 a rana, mai juna biyu 250. Mu a nan gishiri mai aidin da ke kasuwa ya wadatar, muddin an ajiye shi a rufe, nesa da laima.

A asibiti ma tana aiki. Daga cikinta ake samun aljinet, wanda ke cikin maganin ƙwannafi na Gaviscon da wasu audugogin ɗaure gyambo. Daga ita kuma ake samun aga, abin da ake rainon ƙwayoyin cuta a kai a ɗakin gwaje-gwaje domin a gane cutar da ke damun majiyyaci.

To, batun ciwon daji fa?

Maganar ta samo asali ne daga wani sinadari mai suna fukoidan, wanda Harald Kylin na ƙasar Suwidin ya fara warewa a 1913. A ɗakin gwaji da jikin ɓeraye an ga yana rage girman wasu ƙwayoyin kansa. Sai dai ɓera daban, mutum daban. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane kaɗan ne kuma ƙanana, ba su nuna yana warkar da cutar ba, shi ya sa likitoci ba sa rubuta shi a matsayin maganinta.

Ba wai an raina teku ba ne. Maganin kansar jini mai suna cytarabine ya samo tushe daga binciken wani soson teku a shekarun 1950, amma sai a 1969 aka amince da shi a Amurka, bayan dogon gwaji. Fukoidan bai tsallake wannan siraɗin ba tukuna.

A yi hattara

Aidin idan ya yi yawa yana rikita aikin ƙullin maƙogwaro, kamar yadda ƙarancinsa ke yi. Fukoidan na iya tsinka jini, don haka mai shan warfarin ko mai jiran tiyata ya faɗa wa likitansa. A 2004 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a su guji nau'in hijiki saboda gubar asenik da ke cikinsa. Haka kuma lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da kansa.

Babban haɗarin dai shi ne ɓata lokaci. Watannin da aka shafe ana shan gari, a cikinsu ne ƙullun da za a iya cirewa ke yaɗuwa.

Shawara

Duk wadda ta ji ƙullutu a mama, ko ta ga jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, da duk mai gyambon da ya ƙi warkewa ko ramar da ba a san dalilinta ba, a garzaya Babban Asibitin Kazaure ko na Babura. Idan da bukata za a tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina saboda wata kwalba. Ya kawo ta likita ya duba.

Tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta. Iyaye a tambaya a asibiti mafi kusa, domin rigakafi ya fi magani.