Nitro a motar tsere: yadda ake ɗaura shi ba tare da an ƙona inji ba

Duk wanda ya taɓa buga Asphalt ko Need for Speed a wayarsa ya san maɓallin nitro: da an danna, mota ta cilla, shuɗiyar wuta na fita ta salansa. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ma ya ƙara wa abin farin jini. A zahiri na'urar tana nan, tana kuma aiki, sai dai ba ta yafe ganganci.

Nitro dai iskar nitrous oxide ce, wato N2O, kuma ita kanta ba ta ci da wuta. Idan ta shiga cikin inji zafi ya kai kusan digiri 300 na Salshiyos, sai ta rabu gida biyu, nitrojin da oksijin. Kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne, alhali iskar da ake shaƙa kashi 23 ne kacal. Ƙarin oksijin na ba inji damar ƙona ƙarin fetur, daga nan ƙarfin yake fitowa. Jamusawa sun yi amfani da dabarar a jiragensu na yaƙin duniya na biyu da sunan GM-1, daga baya kamfanin NOS na Amurka ya yaɗa ta tsakanin 'yan tsere.

Haɗarin ma a nan yake. In oksijin ya ƙaru fetur bai ƙaru ba, zafin cikin inji yakan wuce misali, fistin ya narke cikin 'yan daƙiƙu. Shi ya sa tsarin ya kasu biyu. A “busasshe”, nitro kaɗai ake fesawa, kwamfutar mota ta ƙara man. A “jiƙaƙƙe”, bututu ɗaya ke fesa nitro da fetur tare. Ko wanne aka zaɓa, dole famfon mai ya iya ɗaukar nauyin, a kuma sa makunnin da zai yanke nitro da zarar ƙarfin turo mai ya ragu. Wanda ya tsallake wannan makunni don rage kuɗi, kuɗin sabon inji yake tarawa.

Injin da ba a taɓa cikinsa ba, ana fara masa da kaɗan, kamar ƙarin ƙarfin doki 50. Makanikai na ja da lokacin tartsatsin fulogi baya da kusan digiri 2 a kan kowane doki 50, su sa fulogi mai saurin huce zafi, su zuba fetur mai yawan okten. Nitro ba ya shiga sai an take totur har ƙasa kuma juyin inji ya haura wajen 3,000 a minti. In aka fesa a ƙasa da haka, iskar na iya taruwa ta fashe ta hanyar shigar iska.

Tukunyar kuwa a but ake ɗaure ta da ƙarafa masu noti, bakinta na kallon gaban mota kuma a ɗan ɗage, domin bututun cikinta ya riƙa zuƙo ruwan nitro. Matsin da ake so shi ne 900 zuwa 1,000 psi, wanda ke samuwa a zafin kusan digiri 30. A garuruwa masu sanyi ana naɗa mata bargon lantarki mai kashe kansa, ba a kusantar da wuta gare ta ko kaɗan. Inda rana ke ƙuna kuwa matsalar akasin haka ce, domin but ɗin motar da aka ajiye a rana na wuce wannan zafi nesa ba kusa ba. Don haka bakin tukunyar na da faifan da ke tsagewa in matsi ya yi yawa, kuma ana jona masa bututun da zai fitar da iskar waje, kada ta cika cikin mota direba ya sume.

Manhajar waya mai karanta OBD2 ta Bluetooth na nuna zafin inji da juyinsa, amma ba ta maye gurbin ma'aunin haɗin iska da mai, wanda shi ke fallasa ƙarancin fetur tun kafin ɓarna. Sannan wurare da dama sun taƙaita amfani da nitro a kan titin jama'a, don haka masu shi kan rufe bakin tukunyar sai sun isa filin tsere.