Yadda za ka binciki littafin abokan cinikinka

Littafin abokan ciniki shi ne inda kake rubuta sunan mai saye, lambar wayarsa, abin da ya saya, da bashin da kake bin sa. Manyan kamfanoni suna ajiye waɗannan bayanai a cikin kwamfuta. Kai mai kanti ko mai sayar da kanwa da dabino a Gure, littafi ya ishe ka. Amma idan ba ka bincika shi, kurakurai za su taru, su jawo maka asara.

Ka keɓe rana ɗaya kowane wata, ka duba abubuwa huɗu:

1. Suna. Idan ka rubuta mutum ɗaya a wuri biyu, ka haɗe su. Idan mutum biyu suna da suna ɗaya, ka ƙara sunan mahaifi ko ƙauye.

2. Lambar waya. A Nijar, lamba takwas ce. Ka ƙirga, ka kira, ka tabbatar tana aiki.

3. Bashi. Ka karanta wa kowa abin da ka rubuta, har ku daidaita. Jaka biyar da aka biya ba ka rubuta ba tana iya raba ku.

4. Wanda ya daina zuwa. Ka neme shi, ka ji dalili. Wataƙila yanzu daga Damagaram yake sayo kaya.

Bayanan mutane amana ce. A shekarar 2017 Nijar ta kafa dokar kare su. Kada ka ba kowa lambar wani sai da yardarsa.