Rabin bolt da ke wahalar da 'yan tasi a Libreville

Babbar hanyar da ta fita daga Libreville ta nufi cikin ƙasar Gabon, da alamar kilomita ake kiran unguwanninta: PK5, PK8, har zuwa PK12. Safe da yamma cunkoso ne a kanta, haka ma kewayen kasuwar Mont-Bouët. Direban tasi ya taka totur kaɗan, ya saki, ya taka burki, ya sake takawa, haka zai wuni. Yawancin tasin nan tsofaffin Toyota ne da suka gama aiki a wata ƙasa kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Owendo, kuma irin wannan tuƙi yana cin wani ɗan ƙaramin abu a jikinsu wanda mutane ba su cika kula da shi ba sai ya lalace, wato sensar totur.

A zamanin kafireta, ƙafar direba ce ke jan kebul ɗin totur, iska ta zuƙo fetur da kanta. Da aka koma injekta, sai rabon mai ya koma hannun ƙwaƙwalwar mota, ita kuwa ba ta ganin ƙafar kowa. Sensar da ke maƙale a gefen maƙogwaron injin, kan sandar murfin da ke buɗe wa iska hanya, ita ce ke gaya mata ko an taka, da yawan takun, da saurinsa. Aikinta irin na maɓallin ƙara sautin tsohuwar rediyo ne: wani ɗan harshe yana goga kan zanen gawayi mai lanƙwasa, ƙarfin wutar da ke fita yana hawa ko sauka gwargwadon inda ya tsaya. Wayoyi uku ke shiga cikinta. Ɗaya tana kawo bolt 5 daga ƙwaƙwalwa, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun tana mayar da labari. Idan murfi a rufe yake, akasarin motoci suna nuna kusan rabin bolt. Idan an take totur har ƙasa, sai ya kai wajen bolt 4.5. Kowane kamfani da nasa adadin, saboda haka littafin motar ne alƙali.

Da gangan maƙera suka ƙi farawa daga sifili su ƙare a 5. Sun bar gefen biyu ne domin ƙwaƙwalwa ta iya bambanta tuƙi da lalacewa: idan ta ga sifili ko 5 cif, ta san waya ta tsinke ko ta haɗe da wata. A motocin da ke da soket ɗin bincike na OBD-II, wanda Amurka ta wajabta daga 1996, Turai kuma ta bi da irin nata ga motocin fetur a 2001, kwamfutar bincike za ta nuna P0122 idan wuta ta yi ƙasa, P0123 idan ta yi sama, P0121 idan labarin sensar bai dace da abin da injin ke yi ba. Matsalar ita ce sensar tana iya kaucewa kaɗan ba tare da fitilar gargaɗi ta kama ba. A ce maimakon 0.5 tana ba da 0.9. Ƙwaƙwalwa za ta ɗauka ana kan totur alhali ƙafa tana kan burki. Silo ya riƙa hawa da sauka, mai ya riƙa tafiya a banza, mota mai giya otomatik ta riƙa sauya giya da fizga ko a makare.

A nan ne ake cutar masu mota, kuma abin yana damuna. Sau da yawa makaniki zai saurari injin da kunne, ya ce filogi ne. A sauya. Gobe ya ce famfon mai ne, jibi injekta, daga ƙarshe a yanke wa ƙwaƙwalwa hukunci, alhali lafiyarta ƙalau. Direban da ke biyan balas kullum shi ke ɗaukar kuɗin wannan canki-canka, ga ranakun da motar ta yi kwance a gareji. Mitar awon lantarki da za ta raba gardama ba ta kai kuɗin kayan da aka zubar ba.

Awon kansa ba shi da wuya. A fara wanke maƙogwaron, domin baƙin dattin da ke taruwa a bakin murfi yana hana shi rufewa sosai, kuma duk saitin da aka yi kan datti ƙarya ne. A murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ba tare da tayar da injin ba. A zura siririn tsinke ta bayan soket, kada a huda rigar waya. A tabbatar bolt 5 na zuwa, a tabbatar wayar ƙasa tana da kyau, sannan a duba wayar labari. Idan adadin ya kauce, kuma sensar irin mai dogayen ramukan sukuru ce, sai a sassauta sukuru biyun, a juya ta a hankali har mita ta nuna abin da littafi ya ce, a ɗaure, a sake dubawa, domin ɗaurin kansa yakan gusar da ita. Tsofaffin Toyota da yawa suna da waya ta huɗu, ta makunnin silo, kuma da siraran ƙarafan awon tazara ake saita ta, ana saka su tsakanin hannun totur da sukurun da yake tsayawa a kai. Shi wannan sukurun a bar shi yadda kamfani ya ɗaure shi. Masu murɗa shi don su ɗaga silo suna ɓata tushen da duk sauran awon ke dogara a kai.

Bayan saiti akwai gwajin da ya fi shi muhimmanci. A buɗe totur da hannu sannu a hankali, ido na kan mita. Adadin ya kamata ya hau sumul. Idan ya yi tsalle, ko ya faɗi ya dawo, zanen gawayin ya cinye a wurin, kuma babu saitin da zai gyara shi sai sabuwa. A motar da ta saba da cunkoson PK, a farkon buɗewa ake samun ramin, daidai inda harshen ke kai da komo dubban lokuta a wuni. Mita mai allura ta fi mai lambobi kama wannan, saboda mai lambobi takan yi jinkiri har faɗuwar ta wuce ba ta nuna ba.

Makanikin da ya koyi aiki a Kano ko Maraɗi, ya zo Libreville kamar yadda Hausawa suka daɗe suna zuwa Gabon, daga Bitam da Oyem a arewa har bakin teku, sai ya sake lissafi. A can ƙura ce abokiyar gaba. A nan ruwan sama yana kusantar milimita 3,000 a shekara, ga iskar tekun Atilantika mai gishiri, ga al'adar wanke injin da tiyo mai ƙarfi. Danshi ya shiga soket, tagulla ta yi kore. Idan wayar ƙasa ce ta yi tsatsa, awon zai hau sama ko da sensar sabuwa ce fil, kuma wanda ya juya sensar don ya rufe wannan gibin zai ga motar ta dawo masa bayan ruwan farko. Shi ya sa kafin a taɓa sukuru ya kamata a cire soket a duba haƙoransa.

Sababbin motoci kuma sun rabu da kebul ɗin totur gaba ɗaya. Feda tana da nata sensa, ƙaramin moto ne ke buɗe murfi, kuma a maƙogwaro sigina biyu ne ke duba juna, galibi da maganaɗisu ba tare da goga ba. Idan suka saɓa, kwamfuta ta nuna P2135, motar ta rage ƙarfi ta riƙa rarrafe don kare mai tuƙi. A irin waɗannan babu abin juyawa da sukundireba. Bayan an wanke maƙogwaro ko an sauya shi, sai an sa ƙwaƙwalwa ta sake koyon inda murfi ke rufewa, ko dai da kwamfutar bincike, ko ta bin matakan kunna makulli da kashewa da kamfanin motar ya tsara.