Lagireton Chevelle da Kofin Mai Shayi

Kowa ya san yadda mai shayi yake huce shayi: ya ɗaga kofi sama, ya tsiyayo shi siriri cikin wani kofin, iska ta ratsa shi ta kwashe zafin. Aikin lagireto ke nan. Famfo ne ke tura ruwa ya zagaya cikin inji ya ɗebo zafi, daga nan ya bi ta siraran bututu, iska tana wucewa ta tsakaninsu.

To, motocin ƙarfi da Amurka ta ƙera daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, irin su Pontiac GTO da Dodge Charger da Chevrolet Chevelle SS, shayinsu da yawa yake, ga shi a tafashe. Injin 454 na Chevelle ɗin 1970 silinda takwas gare shi, lita 7.4, samfurin LS6 kuwa ƙarfin doki 450. Wannan samfurin, da injin 426 Hemi na Chrysler, kamfanonin ba su sayar da su da na'urar sanyaya ciki ba.

Yanzu shekara hamsin da ɗoriya sun wuce. Tsatsa da laka sun toshe bututun tagulla, shayin ya rasa hanyar tsiyayowa. Amma abin da ya fi cin masu gyara shi ne iska. Mota tana gudu a buɗaɗɗen titi lafiya lau, da ta shiga cunkoso sai allurar zafi ta haura. Sau da yawa ka leƙa ka tarar an cire kwandon da ke kewaye da fanka, an jefar tun tuni. Ba shi, fanka sai ta riƙa jawo iska ta gefe, ba ta cikin lagireto ba. Mai mota kuwa ya tafi ya sayo ƙaton lagireton alminiyom, alhali kwandon nan ne maganin. Cire tamostat ma, da kanikawanmu suka mayar al'ada, ba gyara ba ne; inji kawai yake hanawa ɗumama da wuri.

Hita ɗan ƙaramin lagireto ne a ɓoye ƙarƙashin dashbod. In ya fara yoyo za ka ji wari mai zaƙi-zaƙi, gilashin gaba ya yi hazo, kafet ɗin gefen fasinja ya jiƙe. Sauya shi aikin haƙuri ne, don sai an kwance abubuwa da dama kafin hannu ya kai.

Na'urar sanyaya ciki kuwa, a motocin da ke da ita, da gas ɗin R-12 aka yi ta, wanda aka daina ƙerawa a Amurka a ƙarshen 1995 saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987. Mai son komawa R-134a sai ya wanke tsohon man kwamfuresa, domin ba ya gauraya da sabon gas, ya sa sabbin robobi, sannan ya cika ƙasa da ma'aunin da aka rubuta wa R-12.