Kafiris ɗin Baba da rigimar bakam

Duk wanda ya tashi a cikin Hausawan Madina ya san Chevrolet Caprice, wadda muke kira Kafiris. Ba ta Ostareliya nake nufi ba, wadda aka fara kawowa ƙasashen Larabawa a 1999. Ina maganar mai kusurwa huɗun nan ta Amurka, ƙirar 1977 zuwa 1990. Tamu ta 1985 ce, injin V8, ita ta yi ta jigilar 'yan uwa masu zuwa Umara daga Kano tun kafin a haife ni.

Da na dawo hutu daga jami'a sai na tarar birkinta ya yi tauri, sai ka taka da ƙarfinka duka kafin ta tsaya. Makanikai a nan suna kiran abin da ya lalace "bakam". Wani baƙin gwangwani ne zagayayye a bayan tukunyar man birki. Aikinsa shi ne ya ari zuƙar iskar da inji ke yi ya ninka ƙarfin ƙafarka, ta hanyar wani tantanin roba da ke cikinsa. Gwajinsa ba wuya: kashe mota, taka birki sau huɗu ko biyar, riƙe shi, sannan ka tayar. In fedar ta ɗan nutse, lafiya lau. In ta tsaya ƙyam, akwai magana. Amma fa duba tiyo da ɗan bawul ɗinsa tukuna, sau da yawa su ne masu laifin.

To a wajen zaɓe ake rigima. Samarinmu, wallahi, kullum babba suke so. Akwai mai inci 7, 8, 9 har 11, akwai mai tantani ɗaya da mai biyu. Mai biyu yana ba da ƙarfi sosai ba tare da ya ci wuri ba, shi ya sa wanda ya mayar da tayoyi huɗu zuwa birkin faifai ke nemansa. Kafiris kuwa faifai ne a gaba, ganga a baya, kuma haka kamfani ya auna mata. Ka sa mata wanda ya fi ƙarfinta, ɗan taɓi kaɗan Hajiya ta dungura a kujerar baya. Sannan bakam yana son zuƙar da ta kai wajen inci 18 a ma'auni in mota tana tsaye inji na aiki. Wanda ya yi wa injinsa kwaskwarima don gudu, zuƙar takan ragu, sai ya koma irin wanda ke aiki da famfon sitiyari, kamar na motocin dizal.

Baba ya so a ɗauko na tashlih, ya'ni inda ake farfasa tsofaffin motoci, saboda araha. Na ce: "Baba, ku yi haƙuri, robar da ta shekara arba'in tana shan zafin Madina, inda rani kan haura digiri 45, me ya rage mata?" Daga Abyar Ali zuwa Makka ta hanyar Hijira fiye da kilomita 400 ne, mota cike da mutane da jakunkuna.

Ya yi shiru, can ya ce: "To, ɗan boko." Muka yi odar sabo daidai da lambar na asali. Tsohon yana nan a sito, ya hana a yar.