Sitiyarin da Ke Ƙyalli

Shirinmu na yau na direbobi ne.

Shiga motar da ta sha hanya, musamman irin 'yan Kwatanon nan, ka dubi sitiyarin. Inda hannu ke kamawa za ka ga yana ƙyalli kamar goshin yaron da aka shafe da basilin. Wasu har murna suke yi, wai fata ta yi kyau. To malam, ba haka ta baro kamfani ba. Sabuwar fatar sitiyari ba ta sheƙi, launinta a kwance yake, da ɗan kaushin da ke riƙe tafin hannu. Ƙyallin nan zufa ce da maiƙon jiki da man shafawar hunturu, suka haɗu da ƙura suka cike 'yan ramukan fatar, hannu kuma ya yi ta goga su shekara da shekaru.

A nan ake yawan kuskure. Mun saba da fatar dukawa, wadda aka jeme da bagaruwa, tana shan mai ta yi laushi. Ta mota daban ce: an yi mata fenti, an bi da wani siririn rufi mai kama da roba. Duk man da ka shafa a sama zai zauna, santsi kawai zai ƙaro. Haka ma feshin da yaran wajen wankin mota ke fesa wa gaban mota. Ka hana su kai shi kan sitiyari, don hannu na iya zamewa a kwana.

Gyaran ba tsada. Ruwan ɗumi, sabulu marar ƙarfi irin na jarirai, tsohon burushin haƙori mai laushi, da tsumma mai tsabta. A kan burushin za ka tada kumfa, kada ka kwarara ruwa, saboda maɓallai da wayoyin hon. Ka goga a hankali, ɗan wuri kaɗan, ka share nan take kafin dauɗar ta koma. Sau biyu ko uku. Baƙin da zai fito a tsumman sai ya ba ka kunya. Kuma a inuwa, ba cikin ranar azahar ba.

Ka guji fetur, kananzir da sanitizar hannu mai barasa, don cin rufin suke yi.

In ka wanke ya bushe, amma har yanzu wani wajen na ƙyalli, ko ya yi fari-fari yana ɓarewa, to rufin ne ya cinye, sabulu ya gama nasa. Sai a sake fenti a bi da rufi marar sheƙi, ko ka kai wa masu ɗinkin kujerun mota su yi masa sabuwar riga. Ka tsaya a kansu su ja zaren da kyau, kada fatar ta riƙa juyawa a hannunka.