Warin man buwat ba lalacewa ba ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa garaji lokacin da makaniki ke juye man buwat ya san warinsa. Wari ne mai hawa kai, kamar ruɓaɓɓen ƙwai haɗe da tafarnuwa. In ya taɓa riga, sai a yi wanki biyu ko uku bai fita ba. Shi ya sa wasu masu tarakta da motocin ɗaukar kaya ke zaton an sayar musu da ruɓaɓɓen mai. Wasu har su ƙi shi, su zuba man inji a maimakonsa. Wannan kuskure ne mai cin kuɗi.

Daga ina warin yake?

Warin daga farar wuta yake. Masu haɗa man ne ke zuba magani mai farar wuta a cikinsa da gangan. Ita ce kuma ke cikin warin ruɓaɓɓen ƙwai, da tafarnuwa, da albasa. Mai noman albasa a Galmi ko Madawa ya daɗe da sanin ƴar uwar wannan wari a rudunsa. Hancin ɗan Adam yana jin irin wannan wari ko da ɗan kaɗan ne ƙwarai. Don haka ne ma ake sa shi cikin butalin gaz na girki, domin in yana yoyo a gane da wuri.

Aikin da farar wuta take yi

A ƙarƙashin mota, tsakanin ƙafafun baya, akwai wani tulun ƙarfe da makanikai ke kira pon. Cikinsa akwai haƙoran ƙarfe masu cizon juna. Su ne ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu. Haƙoran nan ba turin juna kaɗai suke yi ba, suna gogar juna kuma. Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sa irin waɗannan haƙora a motocinsa a 1926. Suna da ƙarfi, ba su da ƙara, amma man da aka saba da shi bai iya musu ba.

Dalili shi ne nauyi. In an yi wa mota lodin buhunan hatsi ko albasa, nauyin duka yana taruwa a ɗan wurin da haƙori ya taɓa haƙori. Nan sai a matse mai ya fita, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Wurin ya yi zafi, haƙoran su liƙe, su yage juna.

A daidai nan farar wuta ke aikinta. Da wurin ya yi zafi, sai ta kama fuskar ƙarfen, ta yi masa wata fata siririya wadda ido bai gani. Wannan fata ita ke gogewa, ba haƙorin ba. In ta goge, sai wata ta sake fitowa. Kamar takalmi ne: shi ke cinyewa bisa tsakuwa, ƙafa ta tsira.

Kowane mai da wurinsa

Man inji ba shi da isasshen wannan magani. In an zuba shi a pon, motar za ta tafi, amma haƙoran na cinyewa a ɓoye. Wata rana sai a fara jin kuka daga baya, daga nan sai tsayawa a daji da kaya. Man buwat shi ma ba ya shiga inji. Ƙaramin injin ban ruwa na garka man inji yake so.

Karatu yana da rana a nan. A duba jikin galan kafin a biya. Man buwat yana ɗauke da lamba kamar 80W-90 ko 85W-140. Akwai kuma rubutu GL-4 ko GL-5. GL-5 ya fi yawan magani, shi ake zuba wa pon. Buwat da yawa kuwa GL-4 suke so, don akwai zobban tagulla a cikinsu, yawan farar wuta kuma yana iya cin tagulla. Wasu taraktoci suna da man kansu daban. A bi abin da littafin injin ya ce. In na ƙungiyar manoma ne, a ajiye littafin wurin magatakarda.

Man da ake sayarwa a kwalba bakin hanya ba shi da rubutu. Kaurinsa kaɗai bai isa shaida ba, don man buwat mai lamba 90 kusan kaurinsa ɗaya da man inji mai lamba 40 ko 50. In an ce man pon ne amma ba wari ko kaɗan, a yi hattara.

Alamun da ke nuna matsala

Warin farar wuta ba laifi ba ne. Amma akwai alamu uku da ba a wasa da su. In man ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri, ya ƙone. In ya yi fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Haka na faruwa da damina in mota ta ratsa ƙorama ko gulbi. In an murza shi a yatsa aka ji ɓarɓashin ƙarfe, haƙora sun fara ci. Kowace aka gani, a juye man, a kai wa makaniki ya duba. In an ga jiƙewar mai kusa da ƙafar baya, shi ma a gyara da wuri, don yana iya kaiwa ga birki.

Gargaɗi ga gida da garke

Tsohon man da aka juye guba ne. Kada a shafa shi ga ƙazuwar raƙumi, ko ciwon jaki, ko kaskar shanu. Dabba na lasa, ta cutu. A nemi malamin dabbobi. Galan da ya taɓa ɗaukar man nan ba na ruwan sha ba ne, ba na nono ko man gyaɗa ba, ko an wanke shi. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko tabki, ko cikin garka. A rufe shi, a ajiye nesa da yara, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Galan ɗin mai ya fi sabon pon araha nesa ba kusa ba. Mai injin da ya san haka zai toshe hanci, ya zuba man da ya dace, kayansa su kai kasuwa lafiya.